Man Kaɗe a Sandunan Nasir

Da za a ce in zaɓi rana ɗaya cikin shekarun aikina a goge min ita, ba zan tsaya tunani ba. Wata Juma'a ce da na shiga zauren wasa da gwangwanin man kaɗe a aljihu, na shafe sandunan da wani matashi zai hau washegari. Sunansa Nasir. Abu biyu na ɓata masa a ranar: gurbinsa a tawagar ƙasa, da yardar da ya yi da hannuna. Na farkon ba ya dawowa. Na biyun kuwa na yi shekaru ina jiransa.

Samarin da muke haɗuwa da su a Peckham bayan sallar Juma'a ne suka sa na zauna rubuta wannan. Duk lokacin da na ce aikina kafa kayan wasan jimnastik, sai su kama dariya. "Kawu Buba, ai katifa kawai kake shimfiɗawa, mutane su yi alkafura a kai." To, ku matso in nuna muku katifar.

Ni mutumin wajen Gombe ne, gidanmu kiwo ake yi. Bokona bai wuce firamare ba, sauran a hanya na tsinta. Tuƙi ya kawo ni London, da tuƙin ya ƙare na sami aikin shara a wani zauren jimnastik kusa da Abbey Wood. Ranar da na fara shiga na ɗauka gidan burodi ne, saboda farin gari ko'ina, a ƙasa, a bango, har a girar mutane. Ashe alli ne da 'yan wasa ke shafawa a hannu don kada gumi ya yaudare su. Na ga zobba biyu rataye daga rufi, na ga wani abu da suke kira doki alhali ba kai ba wutsiya, na ga sandar ƙarfe can sama, sannan ga tagwayen sanduna a jere kamar layin dogo, masu fuskar itace. Duk kayan nan mutum ɗaya ke kula da su, wani tsohon Bature mai suna Terry, gajere, mai sufana a aljihun baya ko da a wurin biki ne.

A lokacin Birtaniya ba ƙasar da ake tsoro ba ce a wannan wasa. Rasha, Sin, Japan, Romaniya, su ke kwashe lambobin yabo. Terry yakan ce, "Mu idan muka je gasar duniya, tafi muke zuwa yi wa mutane, kuma mun iya." Amma a ƙananan zaure irin namu akwai yaran da ake sa wa ido, ana cewa wata rana labari zai canza. Nasir na cikinsu.

Mahaifiyarsa, Hajiya Lami, nas ce 'yar Kano. Ta ba ni labarin yadda ya shigo wasan. Tun yana ƙarami yake dirowa daga saman kujera zuwa tebur a flat ɗinsu, har matar da ke ƙasansu ta kai ƙara council, wato ƙaramar hukuma. Hajiya ta riƙo hannunsa ta kawo shi zauren, ta ce wa koci, "Ga shi nan, ku gajiyar min da shi." Da ta gano akwai Bahaushe a wurin, sai ta riƙa zuwa min da masa a leda. "Malam Buba, amana ce. Idan ka ga zai karya wuya, ka yi masa tsawa da Hausa, ya fi jin ta." Yana jin Hausar kuwa, amma da Turanci yake amsawa. Kalma biyu ya riƙe da kyau, Kawu da yunwa.

Tagwayen sandunan nan su ne ƙarfin Nasir. Kafin ya hau, yakan ɗauko wata 'yar kwalbar zuma, ya ɗiga a tafin hannu, ya murza a jikin itacen, sannan ya bi da alli. Idan ya gama sai ya cillo min kwalbar, ya ce, "Kawu, riƙe min." Ba kowa ɗan wasa ke ba kwalbarsa ba. Ni kuwa ban taɓa tambayar amfanin zumar ba, domin a ganina na sani. A wurinmu sandar kiwo idan ana ji da ita, man shanu ake shafa mata, ta sha, ta yi ja, kada ta tsage. Na ɗauka zumar abincin itacen ce, Turawa dai ba su sami man shanu mai kyau ba. Ashe don damƙo ake sa ta. Zuma da alli su ke riƙe hannun mutum a lokacin da duk nauyinsa ke lilo a ƙarƙashin sanda.

Sai aka ce masu zaɓen tawagar matasa ta ƙasa za su zo zaurenmu ranar Asabar. Shekarar Nasir ta ƙarshe ke nan a rukunin matasa, daga ita sai na manya. Ranar Juma'a Terry ya kafa komai, ya gwada, ya rufe zauren da wuri ya tafi gida. Ni aka bar wa sharar ƙarshe. Na tsaya ina kallon sandunan Nasir, duk sun yi dabbare-dabbare da tsohuwar zuma da alli, ga su a bushe kamar ba su da mai su. Na ce manyan baƙi za su zo, yaronmu zai hau wannan ƙazanta? Dama a hanyata daga masallaci na sayi man kaɗe a titin Rye Lane da ke Peckham saboda kaushin ƙafa. Na wanke sandunan da ruwan ɗumi da sabulu, na bari suka sha iska, na shafa musu man, na yi ta murzawa da tsumma har itacen ya shanye. Ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

Da safe na hau wurin zaman 'yan kallo na sami Hajiya Lami.

"Hajiya, kin ga yadda sandunan can ke ɗaukar ido?"

"Na gani. Sababbi aka sayo?"

"Aikina ne. Man kaɗe, na asali."

"Allah ya saka da alheri, Malam. Ka kyauta wa ɗanka."

Nasir ne na farko a gwajin ɗumama jiki. Ya sa zumarsa, ya sa allinsa, na ga ya ɗan tsaya yana murza yatsu yana duba tafinsa. Amma baƙi na zaune da alƙaluma, bayansa kuma layi. Ya cillo min kwalbar, ya kama, ya ɗaga ƙafafu sama, ya sako jiki ƙasa da ƙarfi. Hannun dama ya zame kamar an fizge shi. Da ya taɓa katifa, a kan wuyan hannun ya sauka.

Terry bai tambayi kowa komai ba. Ya je ya shinshina sandar, ya sake shinshinawa, ya waiwayo yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba a wahalar da shi ba, domin duk wanda ke kusa da Hajiya ya ji ni ina yabon kaina. Aka mai da sauran yaran kan tsofaffin sanduna, aka yi zaɓe, Nasir yana asibiti ana ɗaure masa karaya.

Kwana biyu bayan haka na je gidansu. Hajiya ta buɗe ƙofa ta daɗe tana kallona.

"Malam Buba, shanu ka gani a zauren?"

Na ce ban gani ba.

"To me ya haɗa ka da sanda?"

Ta koma ciki ta bar ƙofar a buɗe, na bi ta. Ta zuba min shayi ta ajiye da ƙarfi, ta ce, "Abin da ya hana ni cinye ka ɗanye shi ne ni ma da bakina na ce maka Allah ya saka." Nasir na zaune da hannu a rataye. Na ba shi haƙuri iya Hausata da iya Turancina. Ya ce ba komai. Na miƙa masa kwalbarsa, ya karɓa da hagu ya sa a jaka, ya ja zif.

Manajan zauren ya so ya sallame ni, kuma da ya yi ban ga laifinsa ba. An goge sandunan da samfefa irin ta kafintoci har aka kusa cinye itacen, man bai fita ba, sai sababbi aka sayo. Terry ne ya tsaya. Ya ce wa manajan, "Yau duk London babu mai tsoron sandar nan kamar mutumin nan. Irinsa nake nema. Ka ba ni shi." Haka na bar tsintsiya na koma ɗaukar akwatin kayan aiki. Ku lura, ba gwaninta ta kai ni sana'ar nan ba.

Aikin farko da Terry ya ba ni shi ne ɗaure sandar ƙarfe ta sama. Wayoyi huɗu ke riƙe da ita, kowace ta tafi ƙasa ta kama ƙugiya. Na ɗaure su tamau har suna ƙara, a tunanina tsauri shi ne tsaro. Terry ya buga ɗaya da sufana, ya saurara, ya ce in kwance. Sandar sai ta ɗan ba da kai idan mutum ya yi lilo, ta dawo masa da ƙarfinsa a daidai lokacin da zai saki. Idan ta yi tsauri za ta cinye masa kafaɗa, idan ta yi sako-sako za ta jefa shi inda bai nufa ba. Da na sake ɗaurewa ya ce, "To hau." Na ce ni? Ya ce wannan ita ce ƙa'idar aikin: wanda ya ɗaura shi ke fara rataya, kafin ɗan kowa ya taɓa. Har yau da furfurata ina yi. Yaran zauren suna taruwa su kalli Kawu yana reto kamar shanya, wasu har maki suke ba ni.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sufana, tef na awo, lebur irin na magina mai ɗan ruwa a tsakiya, samfefa, da buroshin waya. Sauran kunne ne da tafin hannu. Siririn katakon da 'yan mata ke tafiya a kai, faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba, idan ya karkata da ɗan kaɗan ido ba zai gani ba, amma ƙafar yarinyar za ta gani. Filin alkafura kuwa, wanda kuke kira katifa, alluna ne masu sifirin a ƙarƙashi, ana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, a bi da soso, a bi da kafet. Ka bar rata tsakanin allo biyu, a nan diddigen wani zai sauka, ba a wani wuri ba.

Akwai aikin da ba wanda ke so, wato kwashe ramin soso, inda ake koyon faɗuwa. Sau ɗaya a shekara muke fitar da sosunan duka mu share ƙasan. Na tsinci safa da ba ta ƙirguwa, da ribbon, da wayar gyaran haƙori, da rabin sanwici da ya zama dutse. Wata shekara na tsinci tabarau ɗin manajan da ya so korata, wanda ya yi wata yana zargin mutane a kansa. Na goge na kai masa ofis.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Makarantu sukan kira mu mu duba musu kaya, a wata makaranta a Marylebone na tarar an ɗaure ƙafar doki da igiyar shanya. Iyaye kuma kowa so yake a sassauta wa nasa. Wadda ta fi koya min aiki bayan Terry wata koci ce 'yar gabashin Turai, mai murya kamar alƙali. Takan shigo ta ɗora tafi a kan sanda ta rufe ido, ta ce, "Buba, hagu." In na auna sai in tarar hagun ne ya karkata. Ita ta koya min shirya sanda da zuma, a kan tsofaffin da ba mai hawa. Ɗigo kaɗan, a murza har ya yi ɗumi, alli a kai, a kaɗe, a sake. Idan ya yi yawa hannu zai maƙale ya yage fata, idan ya yi kaɗan kun riga kun ji abin da ke faruwa. Na iya har 'yan wasa suka fara ba ni kwalabensu. Ban da mutum ɗaya.

Hannun Nasir ya warke, amma bai koma lanƙwasa kamar da ba. Ya gwada rukunin manya, bai kai ba, ya zama koci a zauren namu. Ya auri 'yar Zariya, Hausarsa ta miƙe dole. Kullum zai gaishe ni, "Kawu, an tashi lafiya?" Zai ce in duba masa zobba, in ɗaga masa doki. Amma sandunan yaransa shi ke shiryawa da kansa, kwalbar kuma tana jaka.

Shekarar da aka yi Olamfik a nan London, an ɗauki irinmu da yawa aikin zaurukan atisaye. Ranar wasan ƙarshe na tawagar maza ba ni da aiki, sai muka taru a zaurenmu aka kafa babban allo. Ƙasar da Terry ke cewa tafi take zuwa yi, sai ga ta a cikin ukun farko. Da farko ma azurfa allo ya nuna, wata ƙasa ta kai ƙorafi aka mai da su tagulla. Ba wanda ya damu. An ce rabon maza su sami lamba a tawagance tun shekara ɗari. Terry ya zauna a kan katifa yana share ido da tsumman mai.

Hajiya Lami na gefena. Ta nuna allon da haɓa, ta ce, "Malam Buba, ka ga tsararrakin ɗanka da ƙannensa. Da ba don man kaɗe ba."

Nasir ya ce, "Umma, ki bari. Waɗannan sun fi ni."

"Kai ka sani?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Ba wanda ya sani."

Gaskiyarsa. Wataƙila da an zaɓe shi ya tsaya a hanya kamar yawancin yara, wataƙila da ya kai. Abin da na hana shi shi ne ya gano da kansa.

Daga nan ƙofa ta buɗe wa ƙasar. Bayan shekara huɗu aka samo zinare a Brazil, daga baya mata ma suka hau dandamali a tawagance. Zaurenmu ya cika har ana layin jira, iyaye suna cewa sun yi booking tun yaro na goyo. Da na ji Najeriya ma ta tura ɗa guda Olamfik a wannan wasa, na sayi lemo na raba wa kowa, Turawa na sha ba su san dalili ba.

Mummunar shekararmu ita ce ta korona. Komai aka yi cancel, aka kulle zaure. Terry ya riga ya yi ritaya, a shekarar ya rasu, 'yarsa ta aiko min da sufanarsa a cikin ambulan na wasiƙa. Na koma kai wa mutane shinkafa da doya daga wani shago a Rye Lane. Lokaci-lokaci nakan shiga zauren ni kaɗai in sassauta wayoyi, in juya katifu don kada su yi fumfuna. Ana haka Nasir ya kira ni. Yaransa na zaune a gida hannayensu na mutuwa, ko zan iya ƙera musu gajerun sanduna na atisaye? Na nemo katako da bututu na ƙera, muka riƙa ajiyewa a ƙofar gidaje muna buga ƙararrawa muna ja da baya. Da muka kai na ƙarshe ya shafa itacen ya shinshina yatsunsa. Ya ga na gan shi, muka yi dariya mu biyu. Ranar ce karo na farko da muka yi dariya a kan maganar.

Bana masu zaɓe suka sake zuwa zaurenmu. Nasir na da wani ɗan wasa, Idris, ɗan Thamesmead, iyayensa 'yan zangon Kumasi. Shi ma tagwayen sanduna ne ƙarfinsa, shi ma shekararsa ta ƙarshe ce a matasa. Na gama rataya a duk abin da na ɗaura, na koma gefe inda na saba tsayawa. Da aka kira Idris, sai Nasir ya buɗe jaka ya ciro kwalbar. Ya juyo ya cillo min.

"Kawu, shirya masa."

Na cafe, na tsaya. Na ce, "Ni?"

"Akwai wani Kawun a nan?"

Daga wurin 'yan kallo muryar Hajiya Lami ta sauko, ta tsufa amma bakin na nan. "Nasir, a fara laluba aljihunsa."

Na juye aljihuna biyu waje kowa ya gani, waɗanda suka san labarin suka yi dariya. Na ɗiga zumar, na murza har ta yi ɗumi, na bi da alli, na kaɗe, na sake. Idris ya ɗora tafi ya matsa, ya ce, "Ya yi, Kawu." Ya kama, ya ɗaga ƙafafu sama, ya sako jiki ƙasa da ƙarfi, irin sakowar da na gani shekarun baya. Hannun ya zauna. Ya gama ya diro da ƙafa biyu, ko motsi bai yi ba. An zaɓe shi a tawagar. Da na je mayar wa Nasir kwalbar, bai karɓa ba, yana can yana rungumar yaronsa. Ya ce min ta kafaɗa, "Riƙe min."

To samari, kun ji katifar. Wanda ke son aikin ya zo, akwai gurbi, gwiwoyina sun fara ƙara fiye da wayoyin. Roƙona ɗaya ne. Duk inda kuka sami kanku a ƙasar nan, asibiti ne, gareji ne, kicin ne, za ku ga abin da ya yi kama da wanda kuka sani a gida, hannunku zai yi ƙaiƙayin gyara shi. Ku tambayi mai shi tukuna. Terry na gidansa a ranar, lambarsa na manne a bango, da na kira shi da minti ɗaya ya ishe shi ya hana ni. Kada ku yi irin tawa.

Sandar kiwon da na zo da ita daga gida tana bayan ƙofata a Abbey Wood. Duk wata nakan shafa mata mai, ta yi ja tana ƙyalli. Ita ba mai lilo a kanta.